Magungunan Aro a Gaɓar Kainji

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibiran Gungawa da garuruwan gaɓa, aka sauya wa mutum fiye da dubu 40 matsuguni. Cututtukan yankin ma sun sauya zama. Baƙin ƙudan da ke yaɗa makantar kogi a ruwa mai gudu yake hayayyafa, tafkin kuwa ya danne wurare da dama da kogin Kwara ke tafasa a kan duwatsu. Sai dai kwantaccen ruwa shi katantanwa ke so, ita ce kuma matattarar tsutsar tsargiya. A ƙauyukan masunta na Yauri, Ngaski da Shanga, yaro mai fitsarin jini ba baƙon abu ba ne.

Magungunan da suka kawo sauƙi kuwa na aro ne. Ivermectin ya shiga kasuwa a 1981 don kashe tsutsar cikin dabbobi. Sai da aka gwada shi a kan masu makantar kogi a Senegal aka gane amfaninsa ga ɗan Adam. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin bayar da shi kyauta da sunan Mectizan, har sai an ga bayan cutar. Mutanen gari ne ke rabawa, suna auna tsayin mutum da sanda mai zane don sanin ƙwayoyin da zai sha, abin da ya fi sikeli sauƙin ɗauka a kwalekwale. William Campbell da Satoshi Omura sun karɓi lambar Nobel a kan wannan magani a 2015. Shi ma praziquantel, da ake ba 'yan makaranta saboda tsargiya, likitocin dabbobi sun daɗe da saninsa.

Wannan hanya ta aron magani ce masana a Jami'ar Illinois ta Amurka suka bi wajen 2000, suka gwada magungunan zaizayewar ƙashi irin su risedronate a kan ƙwayoyin ciwon barci da na zazzaɓin cizon sauro. A ɗakin gwaji sun hana ƙwayoyin girma, amma ba su kai ga zama maganin asibiti ba.

Tsargiya dai tana nan, domin praziquantel ba ya hana sake kamuwa. Yaron da ya sha shi yau, gobe tafki zai koma wanka da kamun kifi. Ƙauyukan gaɓar Kainji na buƙatar rijiyoyin burtsatse da makewayi kamar yadda suke buƙatar ƙwayar.