Amosanin Jini a Ƙasar Gobir: Daga Wabi Zuwa Madubin Likita

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka gano asalin wata cuta da ta daɗe tana cin 'ya'yan Gobirawa, tun ba a san siffarta ba. A Sabon Birni da Isa, kamar sauran ƙasar Hausa, matar da 'ya'yanta ke mutuwa bi da bi akan ce tana wabi, ciwon gaɓɓai mai tashi lokacin sanyi kuwa a kira shi amosani. Masana da dama na ganin wani kaso na wabin nan amosanin jini ne, wato sikila.

Abin da Madubi Ya Nuna

A 1880 Laveran, likitan sojan Faransa a Aljeriya, ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jinin majiyyaci. A 1910 kuma James Herrick na birnin Cikago ya bayyana jinin wani ɗalibi baƙar fata, wanda jajayen ƙwayoyinsa suka lanƙwashe kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya zagayayya ce mai laushi, takan yi kwana 120 tana aiki. Mai siffar lauje kuwa ba ta wuce kwana 20, ga ta da tauri, sai ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ne ƙarancin jini da azabar ƙashi da kumburin yatsun jarirai suke fitowa.

A 1954 Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa wanda ya gaji sikila daga ɓangare guda, wato mai AS, ya fi jure wa zazzaɓi mai tsanani. Ashe cututtukan biyu a sarƙe suke: inda sauro ya yi yawa, can sikila ke yaɗuwa.

Shaida Daga Ƙasar Hausa

Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike a Garki, wadda yau take cikin Jihar Jigawa. A. F. Fleming da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwajin jinin a 1979. Sun tarar kimanin biyu cikin ɗari na jarirai masu SS ne, amma da ƙyar ake samun irinsu cikin manya, domin akasarinsu kan rasu suna ƙanana. Masu AS kuwa sun tashi daga kimanin 24 cikin ɗari a jarirai zuwa kusan 29 a waɗanda suka girma, alamar zazzaɓi ya fi kashe marasa ita.

Wannan darasi ya shafi Gobir ƙwarai. Sabon Birni na bakin Gulbin Rima, Isa kuma na kusa da Bunsuru da Gagare. Fadamar da ta ciyar da jama'a tun zamanin Alƙalawa, ita ce kuma matattarar sauro kowace damina. Auren zumunci yana ƙara haɗa masu AS biyu, kuma kowane cikin da suka samu yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS.

Kammalawa

Yau an san abin da ke tsawaita ran irin wannan yaro: gwaji tun yana jariri, gidan sauro, rigakafi, da ƙarin jini idan ta kama. Jihar Kano ma ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Sai dai hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka kori dubban mutanen wannan yanki zuwa Maraɗi tun 2019, sun nisanta ƙauyuka da asibiti, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma yana can Sakkwato. Wajibi ne hukuma da sarakuna da malamai masu ɗaura aure su kai gwajin jini kusa da talaka, domin a rage yawan yaran da ake binnewa da sunan wabi alhali cutarsu sananniya ce.