Sauyin Launin Haƙora a Nguru da Gashuwa

Sauyin launin haƙora shi ne haƙori ya bar kalarsa ta asali ya koma rawaya, ko ja, ko ruwan ƙasa, ko toka-toka, ko kuma ya yi dabbare-dabbaren fari. Likitocin haƙori sun kasa shi gida biyu. Akwai tabon da ke zama a bayan haƙori, a kan farin ɓawon nan mai tauri, akwai kuma wanda ya shiga jikin haƙorin tun yana tsiro ko bayan ya samu rauni. Na farko yana fita da wanki, na biyu kuwa ko an shekara ana dirza ba zai gusa ba. Rashin bambance su ne ke jawo yawancin ɓarnar da mutane ke yi wa haƙoransu da hannunsu.

A Nguru da Gashuwa, manyan garuruwan arewacin Jihar Yobe inda Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani suke cuɗanya, goro ne kan gaba wajen tabon waje. Ba a noma shi a yankin. A da fatake ke ɗauko shi daga Gwanja, kuma da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930 sai goron ƙasar Yarabawa ya riƙa zuwa cikin sauƙi, garin ya zama zangon da ake rarraba kaya zuwa Barno da ƙasar Nijar. Goro yana ɗauke da sinadarai masu rini da ke maƙalewa a dauɗar haƙori, su bar jan da ke duhu da daɗewa, musamman a gindin haƙora kusa da dasashi. Shayi mai kauri da taba, ta sha ko ta gari da ake dannawa a leɓe, haka suke yi. Maganin ƙarin jini na ruwa da ake ba yara da masu juna biyu shi ma yana baƙanta haƙora, sai dai wannan ba dalilin daina shansa ba ne. Kurkure baki bayan an sha ya wadatar.

Ya kamata a tuna cewa jan haƙori ba kullum ake ɗaukarsa aibi ba. Matan Barebari da na Hausawa sun daɗe suna goga fure, wato furen taba, tare da goro don rina haƙoransu, kwalliya ce ta biki da ta yau da kullum. Al'adar ta ja baya a wurin 'yan mata, amma ana ganin sawunta a bakin tsofaffi.

Tabon ciki ya fi wuya, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Babban sanadinsa shi ne yawan sinadarin fulorayid a ruwan sha. Kaɗan daga cikinsa kariya ce daga ruɓewar haƙori, shi ya sa ake zuba shi a makilin. Idan ya yi yawa a lokacin da haƙoran girma ke haɗuwa cikin muƙamuƙi, daga haihuwa zuwa kimanin shekara 8, sai ɓawon ya fito da rauni: fararen layuka a mai sauƙi, ruwan ƙasa da ƙananan ramuka a mai tsanani. Wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya fara bin diddigin wannan tabo a Kolorado ta Amurka daga 1901, ba a kuma gano cewa fulorayid ne ba sai 1931. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka miligiram 1.5 a kowace lita. A Najeriya an tabbatar da matsalar a Langtang ta Jihar Filato da yankin Kaltungo na Jihar Gombe.

Abubuwa uku sun sa batun ya shafi arewacin Yobe. Duk da Kogin Yobe da ke ratsa Gashuwa da fadamun Haɗeja da Nguru, yawancin gidaje daga rijiya da burtsatse suke sha, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa yakan bambanta daga wannan rijiya zuwa waccan, ba kuma a gane fulorayid da ido ko ɗanɗano, sai da gwaji. Sannan a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, yaro ya sha ruwa fiye da takwaransa na ƙasa mai sanyi, don haka abin da ke shiga jikinsa ya fi yawa ko da ruwan bai ƙetare iyaka ba. Akwai kuma kanwa, wadda ƙasar Manga ta shahara da ita tun zamanin ayari. A Tanzaniya bincike ya danganta irinta da ake zubawa a girki da tsananin tabon haƙora, abin da ya isa a yi hattara da yawanta a kunun yara. Tafasa ruwa ba ya cire fulorayid, sai ma ya ƙara tattara shi.

Sanadi na biyu maganin tetarasaikilin ne, kafson nan ja da rawaya da ake saya a kemis ana fasawa a ba jariri idan yana gudawa. Yana shiga haƙorin da ke haɗuwa ya bar masa launin toka ko ruwan ƙasa har abada, don haka ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, ko mace mai ciki. Wannan ɓarna ce da ake iya kauce mata gaba ɗaya, shi ya sa take da ciwo. Haƙori guda da ya yi duhu shi kaɗai bayan faɗuwa ko duka yakan nuna jijiyarsa ta mutu, baƙin ɗigo mai rami kuma ruɓewa ce. Tsufa ma na sa rawaya, domin ɓawon na sirancewa launin ciki ya bayyana.

Tabon goro da shayi da taba yana fita da wankin haƙori a asibiti, inda ake kankare daskararriyar dauɗa da na'ura a goge. Babban wurin da mutanen yankin ke dosa shi ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Tabon fulorayid mai sauƙi ana shafe samansa kaɗan ko a haskaka shi da sinadarin da likita ke aunawa, mai tsanani kuwa sai a lulluɓe fuskar haƙorin ko a sa masa hula. Dirza da gawayi, ko toka, ko yashi, ko lemon tsami da kanwa, yana cinye ɓawon da ba ya sake tsirowa, haƙori ya ƙara rawaya, ya kama tsami idan ruwan sanyi ya taɓa shi. Haka magungunan fararta haƙori marasa rajistar NAFDAC da ake tallatawa a kasuwa.

Rigakafin tabon waje shi ne goge baki safe da dare da burushi mai laushi da makilin, da kurkurewa bayan goro ko shayi. Asuwaki na darbejiya ko na itacen arak yana aiki sosai idan an tauna bakinsa ya yi laushi, aka kuma bi da shi daga dasashi zuwa bakin haƙori. Yaron da bai kai shekara 3 ba makilin gwargwadon ƙwayar shinkafa ya ishe shi, a kuma koya masa tofarwa. Inda aka ga yaran unguwa ɗaya suna fito da haƙora masu tabo iri ɗaya bayan famfara, ruwan unguwar ya kamata a kai gwaji, a nema wa ƙannensu wata rijiyar tun haƙoransu na girma ba su gama haɗuwa ba.