Tashar Apapa, Daga Buhun Gyaɗa Zuwa Kwantena

Tun da dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗar da ake tarawa dala-dala, da fatu da auduga, suka kama hanyar Ikko, inda daga bisani aka gina tashar Apapa, leburori na saɓa buhu a kafaɗa, gumi na zuba, har bakin jirgin ruwa. Hukumar tashoshin ruwa, wadda dokar 1954 ta kafa, ita ta riƙe ragamar al'amarin shekara hamsin, har jinkiri ya zama ɗabi'a. Sa'an nan a 2006 gwamnati ta ba kamfanin APM Terminals hayar sashen kwantena, alhali mallakar filin tana hannun hukuma. Yau ƙugiyar inji ke ɗaga akwatin ƙarfe, direbobin tirela kuwa na shan shayi suna dakon layi.