BABI NA UKU: BINDIGAR LUGER BAYAN YAƘI DA MATSALAR CIJEWAR HARSASHI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda rarar makaman soja ke fita daga hannun gwamnatoci su shiga kasuwa idan yaƙi ya ƙare. A wannan babi kuwa za a ɗauki misali guda ɗaya a yi nazarinsa, wato ƙaramar bindigar Jamus da aka fi sani da Luger. Dalilin zaɓen ta shi ne sunan da ta yi na yawan cijewa, ma'ana harsashi ya ƙi hawa daga gidansa zuwa cikin bututu, ko kwanson da aka harba ya maƙale. Za a yi ƙoƙarin gano ko wannan aibi daga ƙirarta yake, ko kuwa daga abin da ya same ta bayan ta bar hannun soja.

3.1 Asali da Yadda Take Aiki

Georg Luger ne ya ƙera wannan bindiga a kamfanin DWM na Jamus, bisa tsarin wata bindiga da Hugo Borchardt ya fito da ita a shekarar 1893. Sojan Suwizalan ne suka fara karɓar ta a 1900, sojan ruwan Jamus suka biyo baya a 1904, sannan sojan ƙasa a 1908. Daga wannan shekara ta samo sunanta na P08. Gidan harsashinta yana cin harsashi 8 masu kaurin milimita 9.

Kafin a fahimci matsalar, wajibi ne a san yadda bindigar ke ɗora wa kanta harsashi. A samanta akwai wasu ƙarafa biyu da aka haɗa kamar gwiwar mutum. Idan aka harba, ƙarfin albarushi kan tura bututu da waɗannan ƙarafa baya kaɗan, sai gwiwar ta lanƙwashe sama, ta zaro kwanson ta jefar. Daga nan sifirin da ke cikin mariƙi ya dawo da ita, a kan hanyarta ta kwaso sabon harsashi ta cusa a bututu. Duk wannan yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido. Saboda haka dole ƙarfin albarushi, da ƙarfin sifirin na mariƙi, da na sifirin gidan harsashi su yi daidai da juna. Idan albarushi ya yi rauni, gwiwar ba za ta kai ƙarshe ba, sai kwanso ya maƙale. Idan kuma ya yi yawa, sai ta dawo da sauri tun kafin sabon harsashi ya taso. Bugu da ƙari, mariƙin Luger a karkace yake ƙwarai, don haka harsasai a kishingiɗe suke hawa, suna gogar bangon gidansu. Wannan ya sa aka yi wa gidan sifirin mai tauri, har ana ba soja wani ɗan ƙarfe a cikin kuben bindigar don ya danne shi yayin loda harsashi.

3.2 Rabuwar Bindiga da Kayanta

A masana'antar Jamus, ma'aikata ne ke goge sassan kowace bindiga da hannu har su zauna da juna, sannan a buga musu lambobi biyu na ƙarshe na lambar bindigar. Gidan harsashi ma akan buga masa lambar bindigar da aka gwada shi da ita. Ke nan kowace Luger da nata kayan ta fito.

Yaƙi ne ya wargaza wannan tsari. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an sake gyara da yawa daga cikinsu, aka kuma sayar da wasu a Amurka cikin shekarun 1920. A 1945 kuwa sojojin Amurka sun koma gida da su a matsayin ganima, domin kaɗan ne daga kayan Jamusawa suka kai ta farin jini a wurinsu. Sau da yawa idan aka karɓe makaman fursunoni, akan tara bindigogi wuri guda, gidajen harsashi kuma wuri guda, kowa ya ɗauki wanda hannunsa ya kai. Tarayyar Sobiyet ta kama nata masu yawa ta adana, 'yan sandan Jamus ta Gabas kuma suka ci gaba da amfani da waɗanda aka harhaɗa daga sassa daban-daban. Dokar Amurka ta 1968 ta hana shigo da rarar makaman soja, sai a 1984 aka sassauta ta ga tsofaffin bindigogi na tarihi. Don haka bayan haɗewar Jamus a 1990, waɗannan harhaɗaɗɗun bindigogi suka sami hanyar shiga kasuwa.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya sayi irin wannan bindiga yakan same ta da gidan harsashin wata, leɓɓansa sun buɗe ko sun lotsa, sifirinsa ya yi shekara arba'in ko hamsin. Shi ya sa masu gyara kan fara da sauya gidan harsashi kafin su taɓa komai, sannan su duba sifirin da tsohon man da ya daskare.

Na biyu shi ne harsashin kansa. Na sojan Jamus yana da nauyin giram 8. Da farko kansa mai tsini ne da aka datse, sai a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya aka mayar da shi mai mulmulallen kai. Harsashin kasuwa na Amurka kuwa, sau da yawa ya fi wannan sauƙi, ba kuma don Luger aka auna albarushinsa ba. Daga baya da aka fito da harsasai masu rami a ka, waɗanda sukan fi na soja gajarta, sai abin ya ƙaru, domin gajeren harsashi kan dunguri bakin bututu maimakon ya shige.

3.3 Ina Laifin Yake?

A ra'ayin mai wannan bincike, kaso mafi girma na sunan da Luger ta yi na cijewa ya samo asali ne daga wannan rabuwa. Waɗanda suka yanke mata hukunci a kasuwannin Amurka, galibinsu ba su taɓa harba ta da gidan harsashinta da kuma harsashin da aka yi dominta ba.

Sai dai ba za a wanke ƙirar gaba ɗaya ba. Bindigar da sassanta suka matse haka ba ta jure ƙura da taɓo, ga shi gwiwarta a waje take, ba abin da ya rufe ta. Sojan da ke cikin ramin yaƙi a Faransa ba shi da halin zaɓen harsashi ko zaman goge bindiga, cijewa ɗaya kuwa tana iya zama ajalinsa. Ita kanta rundunar Jamus ta karɓi Walther P38 a 1938 don ta maye gurbinta, kodayake babban dalilin shi ne tsada da ɗaukar lokaci wajen ƙera Luger. Kamfanin Mauser ya daina yin ta a 1942.