Gonar Samaru da Ɗaliban Jami'a

Jami'ar Ahmadu Bello ta tarar da gonarta tana jiranta, gama gonar ta girme ta da shekara 40. Cikin 1922 ne Ma'aikatar Gona ta Arewa ta kafa wurin gwaje-gwaje a Samaru, kusa da Zariya. Da aka buɗe jami'ar a 1962, sai aka danƙa mata filayen da ɗakunan binciken.

Babban abin gādon shi ne gwajin taki da aka soma a 1950. Aka yanka fili ƙanana-ƙanana: wani a zuba masa kashin shanu kowace damina, wani takin zamani, wani duka biyu, wani kuwa a bar shi haka nan. Da shekaru suka yi nisa, sai aka ga takin naitirojin shi kaɗai yana tsamama ƙasa, kashin shanu kuwa yana riƙe ƙarfinta.

Zaman ɗalibi a jami'a gajere ne, amma da ya ɗebi ƙasar nan ya auna, ya karanta aikin damina masu yawa. Ɗakin bincike in ya rushe, a gina wani. Irin wannan fili kuwa, in gini ya cinye shi, sai jikoki su ga madadinsa.