Yadda Kwantena Ta Zama Filin Gwajin Bulokcen

Maƙalarmu ta wannan makon ta leƙa tarihin fasaha ne, kan yadda aka kai ga mutum ya tayar da cikakken tsarin bulokcen a kwamfutarsa shi kaɗai don gwaji.

Bulokcen kundi ne da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, kowane shafi a ɗaure da na bayansa kamar sarƙa, ta yadda goge abin da aka rubuta yana da matuƙar wuya. Nan ƙarfinsa yake, nan kuma haɗarinsa. A Agustan 2010 wani ya yi amfani da kuskure a manhajar Bitcoin ya ƙirƙiri sulalla sama da biliyan 184, sai da aka gyara manhajar aka watsar da wannan reshe na kundin. A Yunin 2016 aka bi ta wata kafa a tsarin The DAO aka janye ether kusan miliyan 3.6, rikicin da ya raba Ethereum gida biyu. Rigakafi ya fi magani, shi ya sa masu wannan aiki suka matsu da samun wurin da za su yi kuskure ba tare da asarar dukiyar kowa ba.

Da farko an buɗe dandalin gwaji na kowa da kowa, inda sulallan ba su da daraja. Amma yana buƙatar intanet da jira, kuma ba a hannunka yake ba. Sai Bitcoin ta samar da yanayin da ake kira regtest, inda mutum ke haƙo shafi nan take a kwamfutarsa, maimakon jiran minti goma. Saura matsala ɗaya: bulokcen na gaske kwamfutoci ne da yawa ke magana da juna. Ya mai kwamfuta ɗaya zai kwaikwayi wannan?

Amsar ta fito daga wani tarihin daban. Tun 1979 tsarin Unix ya zo da chroot, dabarar killace manhaja a lungu guda. FreeBSD ya faɗaɗa ta a 2000, Linux kuma ya samu hanyar raba wa manhajoji ƙarfin na'ura a 2008. A 2013 Solomon Hykes ya gabatar da Docker, wanda ya sauƙaƙa abin ga kowa. Sunan kwantena daga jiragen ruwa aka aro shi, irin waɗanda Malcom McLean ya fara lodawa a Amurka a 1956: kaya kowane iri, akwati iri ɗaya. Haka ake naɗe manhaja da duk abin da take buƙata a akwati guda, ta yi aiki a kowace kwamfuta, tana ganin kamar ita kaɗai ce a ciki.

Hanyoyin biyu sun haɗu sosai a Hyperledger Fabric, wanda gidauniyar Linux ke kula da shi, aka kuma saki cikakken bugunsa na farko a Yulin 2017. Tsarin gwajinsa yana tayar da ƙungiyoyi biyu, kowace da wakilinta mai riƙe kundi, da kuma mai jera ma'amaloli, kowanne a kwantenarsa. Umarni ɗaya ke tayar da su, wani ya rushe su, a sake daga farko. A kan Fabric ɗin aka gina eNaira da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Oktoban 2021, don haka labarin ya iso har ƙofar gidanmu.

Sai dai gwajin gida yana da iyaka. Kwantenonin da ke na'ura ɗaya ba su san yankewar intanet ko makircin ɓarawo ba, sai an ƙirƙiro musu da gangan.

Mu da muke koyon rubutu mun san darajar daftarin da za a yaga ba wanda ya gani. Wannan shi ne abin da injiniyoyin suka kwashe shekaru suna gina wa kansu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.