Gidan Makama na Kano

Ya ku 'yan makaranta, kadan kun shiga birnin Kano kuka nufi fadar Sarki, za ku ga wani tsohon gida na ƙasa kusa da ita. Shi ne Gidan Makama. Masu ba da tarihin Kano sun ce Muhammadu Rumfa ya zauna a wurin tun kafin ya ci sarauta a 1463. Sa'ad da Turawa suka ci Kano a 1903, suka yi ofis a ciki. A 1959 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen da doka ta hana a rushe, yanzu kuwa a wani sashensa ake ajiye kayan tarihi.

Ku shiga soro ku ɗaga kai. Aikin tubali ne, da azarar giginya wadda ta gagari gara. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar rufi mai faɗi, saboda haka magina suka riƙa ɗaura gajeru bisa gajeru, suna tanƙwarawa, har suka fid da bakan gizo. Kaurin bango kuwa shi ke kawo sanyi da bazara, da ɗumi da hunturu.

Amma ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Kadan aka bar yaɓe, ko indararo ya toshe, sai rufi ya sha ruwa ya rufta. Doka tana hana mutum rushe gida, amma ba ta hana damina. Hannun magina ne ya kawo gidan nan yau, ɗa yana gadon uba. To, kada karatu ya sa ku rena sana'arsu.